Gem a Bakin Iyaka: Saitin Tokyo Ba Ya Yi wa Sahuda Aiki

A cikin 'yar takardar da kamfanin Sony ke sakawa a kwalin PlayStation 4 da PlayStation 5 akwai wani layi da ba kasafai ake karanta shi ba. Layin ya ce an ƙera na'urar ne don ɗakin da zafinsa bai gaza digiri 5 ba, bai kuma haura digiri 35 ba. Duk wanda ya taɓa yin watan Maris ko Afrilu a ƙasar Mubi ya san inda zancen ya dosa. A wannan lokaci zafi kan doshi digiri 40, balle a shago mai rufin kwano da samari suka cika maƙil, ga talabijin yana huci, ga janareta yana ruri a bakin ƙofa. Tun kafin a danna maɓallin kunnawa an riga an tsallake sharaɗin masu na'urar.

Sahuda gari ne na kan iyaka a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, a jikin duwatsun Mandara. Kana ƙetarawa ka faɗa Bukula ta ƙasar Kamaru. Da yawa daga 'yan Najeriya ba su ji sunansa ba sai a 2015, lokacin da aka riƙa dawo da dubban mutanen da suka yi gudun hijira zuwa Kamaru saboda rikicin Boko Haram. Amma ga mutanen yankin, Sahuda hanyar kasuwa ce tun fil azal: shanu da hatsi da kayan masarufi suna kai da kawowa, naira da sefa suna musayar hannu. Kayan lantarki ma ta nan suke bi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne saurayi ya sayo na'urar gem ta hannu, ya kunna, ya tarar tana masa Faransanci, filoginta kuma mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Kamaru, alhali soket ɗin bangonsa mai ido uku ne irin na Ingila.

Wannan ƙaramar matsala ce, ana gyara ta cikin minti guda: a shiga inda aka rubuta Paramètres, a gangara zuwa Langue, a zaɓi Turanci, ko Larabci ga wanda ya fi jinsa. Babbar matsalar ita ce sauran saitin da na'urar ke zuwa da shi daga masana'anta. An yi shi ne da tunanin gidan da ba a ɗauke wuta, da intanet da ba a ƙirga ta, da iska mai sanyi marar ƙura. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan a Sahuda, haka a Gella, haka a Lokuwa ko Kolere a cikin garin Mubi. A ganina yawancin na'urorin da ke jibge a shagunan masu gyara ba tsufa ne ya kashe su ba. An bar su ne a kan saitin wata ƙasa.

Wuta ce gaba da komai

Kafin a taɓa kowane maɓalli, a juya bayan na'urar a karanta tambarin da ke manne. Wutar Najeriya da ta Kamaru duk tsakanin bolt 220 zuwa 230 take, ta Amurka 120, ta Japan 100. PS4 da PS5 ba su da zaɓe, suna karɓar daga 100 har 240. Amma tsohuwar PS2 mai kauri da aka yi don Amurka, da tubalin wutar Xbox 360, ba haka suke ba. Idan tambarin ya nuna 110 ko 120 kawai, aka soka a bango kai tsaye, ƙara guda za a ji sai ƙauri. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta.

Sai abin da ya fi kowane cin na'ura a yankin nan, wato barcin da take yi maimakon ta mutu. PS4 da PS5 suna da wani hali da aka rubuta Rest Mode a allonsu: talabijin ya yi duhu, fitilar jikin na'urar ta koma ruwan lemo, mai ita ya ɗauka ya kashe. Bai kashe ba. Tana nan tana cajin hannu, tana leƙa intanet, wani lokaci tana rubutu a rumbun ajiyarta. A Tokyo wannan gata ne, domin mutum zai dawo daga aiki ya ci gaba da wasansa daga inda ya tsaya. A nan kuwa, da zarar an ɗauke wuta ko mai ya ƙare a janareta tana cikin wannan hali, tamkar an fizge alƙalami ne daga hannun mai rubutu a tsakiyar layi. Washegari za ta tashi da saƙon gargaɗi, ta ɗau lokaci tana duba rumbun. Yau ta tsira, gobe ta tsira, wata rana sai ta ce bayanan sun lalace, gasar da aka yi wata uku ana bugawa ta tafi.

Maganin yana cikin sashen tattalin wuta na saitin. A PS4 a cire alamar da ke kan duk ayyukan da aka ba ta izinin yi tana barci. A PS5 a zaɓi kada ta shiga barcin da kanta. Sannan in an gama wasa a zaɓi kashewa gaba ɗaya, a tsaya a zuba wa fitilar ido: za ta yi ta ƙyaftawa fari, sai ta mutu ɗif. Sai a lokacin ne ake zare filogi. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, amma su ne gaggawar rufe shago ke ci.

Zancen janareta kuwa lissafi ne. Iyakar abin da Sony ta rubuta PS4 ta farko za ta iya ja shi ne wat 250, siririyar da ta fito a 2016 wat 165, Pro wat 310, PS5 ta farko mai faifai wat 350. A wasa na yau da kullum ba sa kaiwa nan, amma ƙaramin janaretan da aka fi samu a shaguna ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, kuma ba na'urar kaɗai yake ɗauke da ita ba. Ga talabijin, ga fanka, ga wayoyin maƙwabta jere a kan allon caji. Wanda zai buɗe gidan gem da sola ko ƙaramin inji, siririyar PS4 ta fi masa Pro nesa ba kusa ba, ko da kuwa Pro ɗin ta fi cika ido.

Haɗarin inji yana wuri biyu: lokacin tashi da lokacin mutuwa. In an ja igiya, wutar farko ba ta da natsuwa. A bar shi ya daidaita kafin a haɗa na'ura. In mai ya kusa ƙarewa kuma, za ka ji ya fara tari, ƙwan fitila yana haske yana dusashewa. Wannan tarin ne ke ƙona sashen wutar na'ura. Mai hankali ba ya jiran a tashi wasa, ko da ana minti na 88 ne ana kunnen doki. Ya kashe na'ura tukuna, a sake buga wasan kyauta. Asarar wasa ɗaya ta fi asarar na'ura sauƙi. Sitabilaiza tana taimakawa wajen hawa da saukar wuta, amma ba ta riƙe na'ura in wutar ta tafi. Abin da ke yin wannan shi ne ƙaramin batirin ko-ta-kwana da ake kira UPS, wanda ke ba da 'yan mintocin kashewa cikin natsuwa. Masu sola su tambayi irin inbatar da aka haɗa musu, domin mai arha tana ba da wuta mai kaushi, wadda ke sa kayan lantarki gunji da ɗaukar zafi.

Ba don jin daɗi mutane ke komawa sola ba. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya taɓa garuruwa irin su Sahuda kai tsaye. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A Afrilun 2024 ma ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, Adamawa da maƙwabtanta suka yi makonni cikin duhu. Duk wat ɗin da saiti ya rage, kuɗi ne ya zauna a aljihu. Rage hasken bayan allon talabijin kaɗai yana da tasiri, musamman da dare.

Da damina, in hadari ya haɗo ta kan duwatsu ana walƙiya, a zare komai daga bango. Babu saitin da ke tare tsawa.

Ƙura, zafi da kyankyaso

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa, ƙurarta kuwa laushi gare ta kamar gari, ba ta neman izini kafin ta shiga. Fankar na'ura tana zuƙo iska daga waje don ta sanyaya ciki, sai ta zuƙo har da ƙurar, ta dasa ta a tsakanin siraran ƙarafunan da ke fitar da zafi. Alamar farko ita ce ƙara: PS4 ta fara kuka kai ka ce jirgi ne zai tashi. Ta biyu, fitilarta ta koma ja tana ƙyaftawa, saƙo ya fito cewa ta yi zafi, ta kashe kanta.

Abin da mutane ke yi don kare ta sau da yawa shi ke ƙarasa ta. Za ka ga an saka na'ura cikin akwatin katako mai kwaɗo saboda masu ɗan hali, ko an lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki saboda ƙura, ko an ɗora ta a kan kafet. Sony ta ce a bar aƙalla santimita 10 tsakanin PS5 da bango. In tilas ne a kulle ta, kejin ƙarfe mai raga ya fi akwati. A ɗaga ta daga ƙasa, a sa mata ƙyallen bayan ta mutu ta huce, ba kafin nan ba. Murfin saman siririyar PS4 da na Pro yana ɓallewa da hannu ba tare da sukudireba ba, a ga fanka, a share ta da busasshen burushi. PS5 kuma in an zare fararen murafunta akwai ramukan da aka yi musamman don tara ƙura. Abin da ya wuce nan, kamar canza man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da ƙarfen sanyayawa, a bar wa mai gyara. PS5 ma ruwan ƙarfe aka sa mata a wurin, in ya zube a kan allon cikinta an yi asara.

Akwai kuma baƙon da ba a gayyata ba. Masu gyara a ko'ina cikin duniya sun san kyankyaso yana son cikin PS4, saboda duhu da ɗumi, kuma sashen wuta yake nufa, inda yake haɗa wayoyi ya mutu ya kashe na'urar. Shagon da ake cin burodi da gyaɗa a kusa da na'ura ya sani yana kiwon su ne.

Hoto

A nan ne samari suka fi ɓata lokaci, alhali gyaran da ya fi muhimmanci ba a jikin na'urar yake ba, a rimot ɗin talabijin yake. Talabijin na zamani yakan tsaya ya yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna shi: ya ƙara kala, ya gyara motsi, ya share dishi-dishi. A kallon fim babu laifi. A wasan ƙwallo kuwa wannan kwalliya jinkiri ce. Ka danna bugu, ɗan wasanka ya makara da ƙiftawar ido, mai tsaron baya ya riga shi. In ka ji yaro yana cewa hannun nan yana da nauyi, sau da yawa hannun lafiyarsa ƙalau. A shiga saitin hoto na talabijin a zaɓi tsarin wasa, wanda aka rubuta Game ko Jeu, a kashe duk wani abin santsin motsi.

Yawancin talabijin masu inci 32 da ke kasuwa ainihin ƙarfinsu 1366 a 768 ne, ko da kwalin ya cika baki. A bar na'ura ta zaɓi ƙarfin hoton da kanta, in kuma allon yana ɗaukewa a sauko 720. In gefen hoton ya yanke, har ba a ganin agogon wasa ko sakamakon ci a kusurwa, akwai wurin daidaita faɗin allo a saitin na'urar. In baƙi ya koma toka-toka, ko duhu ya haɗiye komai, to na'ura da talabijin ba su daidaita ba ne a kan zurfin kala. A mayar da wannan zaɓi kan na atomatik.

Wanda ya ɗauko na'ura daga gidan da ke da babban talabijin ya kawo ta kan ƙarami, ya ga allo baƙi ƙirin, kada ya ruga wurin mai gyara. A PS3, a danna maɓallin wuta a riƙe har a ji ƙara ta biyu, za ta manta tsohon saitin hoto. A PS4 da PS5, a kashe gaba ɗaya, a riƙe maɓallin kimanin daƙiƙa 7 har ƙara ta biyu, a haɗa hannu da wayar USB. Wani baƙin shafi zai fito mai jerin zaɓi, a cikinsu akwai na canza ƙarfin hoto. A wannan shafin ne kuma ake samun zaɓin sake tsara rumbun ajiya, na 5 a jerin PS4, wanda ke warkar da nauyi da sarƙewar da ɗaukewar wuta ke haddasawa ba tare da ya goge wasa ba. Amma a buɗe ido da kyau. Na 6 da na 7 da ke ƙarƙashinsa share na'urar suke yi tas, kuma babu komawa baya.

PS4 ba ta da ramin tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari. HDMI kawai ta sani. Mai tsohon talabijin sai ya sayi 'yar na'urar juyi, ya kuma haƙura da dishi-dishi. In ta ƙi nuna hoto, a gwada cire alamar HDCP a saitin, da sanin cewa fina-finan faifai da Netflix ba za su yi ba sai an mayar. Ita kuwa PS2, wadda ta fito a 2000, Sony ta ce ta sayar da fiye da miliyan 160, har yau ba ta bar ƙauyuka ba, saboda ba ta cin wuta kuma ba ta neman intanet. In ta nuna hoto fari da baƙi, ba lalacewa ta yi ba: faifan na tsarin Amurka ko Japan ne, talabijin ɗin kuma tsarin Turai kawai ya iya.

Data da makulli

Na'ura sabuwar saiti, da ta ji intanet sai ta fara sauke sabuntawa ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wasan ƙwallo guda ɗaya na zamani gigabait gommai ne, gyare-gyarensa ma kan kai gigabait da yawa. Saurayi ya kunna mata intanet daga wayarsa don ya buga wasa ɗaya da abokinsa na Yola, kafin ya ankara datar wata ta tafi. Tun daga Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100, wannan sakaci ya ƙara tsada. A shiga sashen saukarwa ta atomatik a cire duk alamomin. In ba wasan intanet za a yi ba, a kashe haɗin gaba ɗaya. Mazauna bakin iyaka su ƙara da duba wayar kanta, domin takan tsallaka ta kama layin Kamaru, kuɗin kuma ba ɗaya ba ne.

Akwai dabarar da ta dace da wuri irin wannan. Manhajar na'urar ana iya sauke ta sau ɗaya a cikin Mubi inda sabis ya fi ƙarfi, a zuba a filashi. A buɗe jaka mai suna PS4, a cikinta a buɗe wata mai suna UPDATE, duka da manyan baƙaƙe, a saka fayil ɗin a ciki. Filashi ɗaya zai sabunta na'urorin unguwa guda. Da wannan filashin kuma ake kwafe ajiyar wasannin PS4 lokaci-lokaci, saboda ranar da wuta za ta yi halinta. Wasannin PS5 ne ba su yarda a kwafe ajiyarsu ɗai-ɗai haka ba.

Wajen buɗe asusu, mai karatu zai nemi Najeriya ko Kamaru a jerin ƙasashen PlayStation ya rasa. A kudu da Sahara Afirka ta Kudu ce kawai a ciki. Mutane kan zaɓi Amurka ko Ingila. Abin lura shi ne ƙasar da aka zaɓa ba ta canzuwa, kuma katin kuɗin da za a saya dole ya zama na ƙasar. Sannan ga babban abin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa: an sayi na'ura cike da wasanni, bayan mako biyu sai ga hoton kwaɗo a kan kowannensu. Dalili shi ne wasannin na asusun wani ne, suna buɗewa ne muddin na'urar tana matsayin babbar na'urar asusun. Ranar da mai shi ya janye, sun rufe. Wasu kuma an yi wa manhajarsu kutse ne aka loda musu wasanni, abin da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin. Da an sabunta su komai ya tafi, in an hau intanet da su kuma ana iya toshe su. Kafin a miƙa kuɗi a tambaya: wasannin nan na faifai ne, na asusu ne, ko na kutse? Mai sayarwar da ya fara kame-kame ya riga ya ba da amsa.

Hannu, da zaman lafiyar benci

Batirin hannun PS4 ƙarami ne, ga fitila a goshinsa tana ci, ga jijjiga, ga lasifika. A rage hasken fitilar zuwa mafi ƙanƙanta, a kashe jijjigar, a sa ya mutu da kansa bayan minti 10 in ba a taɓa shi ba. A yi masa caji a jikin na'ura ko da caja mai kyau, ba kowace cajar waya da aka tsinta ba. In ya ƙi haɗuwa, akwai ɗan rami a bayansa kusa da L2; a zura tsinke a danna, a sake haɗawa da waya. In ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa sanda ba, ƙura ce ta shiga gindinta ko ta cinye, kuma hannun jabu ya fi saurin kamuwa.

Rigimar gidan gem kuwa rabinta daga saiti take tasowa. Yankin nan ya daɗe da rabuwa gida biyu: 'yan PES na kamfanin Konami, wanda ya koma eFootball a 2021, da 'yan FIFA na kamfanin EA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. A PES murabba'i ne bugun raga, da'ira ce kurosin. A FIFA akasin haka ne. Ɗan PES ya zauna a FIFA, ya samu gola shi kaɗai, ya danna abin da yatsansa ya saba, sai ƙwallo ta tashi sama ta nufi tutar kwana, benci ya fashe da dariya. Ba sai an kai ga haka ba, domin FIFA tana da tsari na biyu mai suna Alternate wanda ke mayar da bugun kan murabba'i, kuma kowane hannu yana iya zaɓar nasa kafin a take leda.

Sauran sai a yanke su tun kafin wasa, a kuma bar su haka ga kowa: tsawon wasa, ko akwai ƙarin lokaci da fenariti, kyamarar da za a yi amfani da ita, da yawan taimakon da kwamfuta ke yi wajen ba da ƙwallo. A PES akwai kibiyoyin da ke nuna lafiyar 'yan wasa; in an bar su a kan sa'a, wani zai tarar gwaninsa kibiyarsa ta kalli ƙasa, ya ce an yi masa maguɗi. A daidaita su ga ɓangarorin biyu. Wannan ya fi zama dole ranar da aka ɗauki Najeriya da Kamaru, domin a Sahuda wannan ba wasan yara ba ne. Ɗaya ɓangaren yana tuna ƙwallon da Vincent Aboubakar, tsohon ɗan wasan Coton Sport ta Garwa, ya ci Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2017, da wadda ya ci Brazil a 2022. Ɗayan kuma yana tuna biyun da Ademola Lookman ya zura wa Kamaru a Abidjan a Janairun 2024. Masu jin haushin sunaye irin su Man Blue da MD White, waɗanda rashin lasisi ya sa PES ta laƙaba wa Manchester City da Real Madrid a wasu fitowarta, su ma filashi ne maganinsu: akwai fayilolin gyaran suna da riga da ake shigarwa a PS4 ta jaka mai suna WEPES.

Ga iyaye

Sashen da aka fi watsi da shi a duk saitin shi ne wanda aka yi domin iyaye. Kowane kwalin wasa yana ɗauke da lambar shekaru. Na Turai 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka harafi, inda M ke nufin na manya. Wasannin ƙwallo yawanci na kowa ne. Amma GTA V, wanda ya fito a 2013 kuma yake cikin kusan kowace na'urar da aka loda, lambarsa 18 ce, saboda kisa da batsa da ashar da ke cikinsa, haka ma Mortal Kombat na baya-bayan nan. Uba zai wuce ya ga ɗansa ɗan shekara 10 yana tuƙa mota a allo, ya ce ai wasan mota ne.

Na'urar tana iya hana buɗe duk wasan da ya wuce shekarun da aka saka mata. Tun 2018 PS4 tana iya ƙayyade wa yaro awannin wasa a rana, da lokacin farawa da na tashi, har ta fitar da shi da kanta in lokacin ya cika. Ana iya tsara ta yadda ba za ta ci lokacin Islamiyya ko na Magariba ba, ba tare da an yi ta daga murya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019, ga wanda wasan ya rinjayi karatunsa da barcinsa da hulɗarsa na tsawon lokaci. Wannan bai mai da kowane mai wasa majinyaci ba, kuma ni ban ga laifin yaro ya buga ƙwallo a allo bayan ya sauke nauyin da ke kansa ba. Abin da babu saitinsa a na'ura shi ne caca. In an fara ɗora kuɗi a kan wasa, wannan aikin mai shago ne da dattawan unguwa.

Iyaye da yayye, ku sa a buɗe muku wannan sashe a gabanku, ku zaɓi shekarun da awannin da kanku. Lambar sirrin da ke kulle shi tana zuwa ne a 0000 daga masana'anta, kuma babu yaron da ke riƙe hannu a Mubi da bai san haka ba. Ku canza ta, kada kuma ku sa shekarar haihuwar yaron.